"Malam, ta ƙi": yadda iya warware matsala da yarda da kai ke juya makin ɗaliban makarantun sana'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin aikin hannu na kwalejin fasaha ya san wannan magana. An raba wa yara katako, waya, suwici biyu da ƙwan fitila, an ce su haɗa layin da za a kunna fitila daga ƙasa a kashe ta daga sama, irin na matakalar bene. Yaro ya gama ɗaure-ɗaurensa, a ba da wuta, ƙwai ya ƙi kamawa. Sai ya juyo ya ce, "Malam, ta ƙi," ya saki hannu yana jiran a zo a duba masa. Na kusa da shi ma tasa ta ƙi, amma abin da zai faɗa daban ne: "Malam, wuta tana shiga suwicin farko, amma ba ta isa na biyu. Ina jin na ɗaura wayar wuta a inda bai kamata ba." Dukansu biyu sun yi kuskure, wataƙila ma kuskure iri ɗaya. Sai dai na biyun ya riga ya kama hanyar gyara nasa tun kafin malam ya ƙaraso, kuma idan ka bi sawunsu zuwa ƙarshen zango, akasari shi za ka tarar a sama, har a takardun da ba su da alaƙa da waya.

Abu biyu ne suka raba waɗannan yara. Na farko, ɗaya ya san yadda ake bin sawun matsala. Na biyu, ya yarda cewa shi ma zai iya binta. Mutane sukan ɗauki abubuwan nan biyu a matsayin baiwa, su ce wane kansa na ja, wane kuma zuciya gare shi. Ni ban yarda da haka ba. Koyonsu ake yi, kuma a ɗaki ɗaya ake koyonsu, a kan aiki ɗaya.

Bari mu fara da warware matsala, don kalmar ta sha jiki a bakin masu taro har ta kusa rasa ma'ana. Ba kowane aiki ne matsala ba. Idan an koya wa yaro canza filogin babur sau goma, aka ce ya canza na goma sha ɗaya, wannan maimaici ne. Matsala tana farawa ne lokacin da aka turo babur aka ce ya ƙi tashi, ba wanda ya san dalili. Wani masanin lissafi ɗan asalin Hungary, George Polya, wanda ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka, ya tsara abin a shekarar 1945 cikin mataki huɗu: ka fahimci abin da ake tambaya, ka tsara yadda za ka tunkare shi, ka aiwatar, sannan ka waiwaya ka duba abin da ka yi. Lissafi yake nufi, amma duk gogaggen bakanike haka yake aiki ko da bai taɓa jin sunan Polya ba. Zai tambayi mai babur yaushe abin ya fara, a tafiya ya mutu ko da safe ya ƙi tashi. A ransa ya san injin fetur abu uku yake nema: mai da ya gauraya da iska, tartsatsin wuta, da matsi a cikin silinda. Sai ya fara da mafi sauƙin dubawa. Ya leƙa tanki, ya zare filogi ya jingina shi da jikin inji ya buga kik ya ga ko wuta na fita. Idan tana fita, ya sallami ɓangaren wuta gaba ɗaya ya koma kan kafireto. Kowane gwaji da ya yi yana rage yawan abin da ake zargi.

Sabon shiga kuwa canje-canje yake yi. Ya sa sabon filogi, bai tashi ba. Ya canza koyil, bai tashi ba. Ya wanke kafireto. Ko da a ƙarshe babur ɗin ya tashi, bai san abin da ya tashe shi ba, kuɗin mai babur sun tafi, shi kuma bai ƙaru da komai ba.

Masu aikin lantarki suna da wata dabara da nake so ƙwarai, saboda tana nuna cewa tunani ma kayan aiki ne. Idan layi mai mahaɗa goma sha shida ya yanke ba a san inda ya yanke ba, ba daga farko ake bi ɗaya bayan ɗaya ba. A tsakiya ake aunawa. Idan wuta ta iso nan, matsalar tana gaba. Idan ba ta iso ba, tana baya. A sake raba rabin da ya rage biyu. Da awo huɗu an gano wurin. A ɗinki ma haka ne. Yarinyar da keke ke tara mata zare a ƙarƙashin yadi, hankalinta zai tafi kan bobin, tunda a ƙasa ɓarnar take. Wadda ta fahimci yadda zaren sama da na ƙasa ke sarƙewa ta san sau da yawa laifin na zaren sama ne, ko bai bi hanyarsa daidai ba, ko bai sami ja yadda ya kamata ba. Inda alama ta bayyana daban, inda ciwon yake daban.

A nan akwai wani abu da masu cewa a daina cusa wa yara karatu a koya musu tunani kawai suke tsallakewa. Ba a warware matsala da kai fanko. A shekarar 1981 wasu masu bincike uku a Amurka, Chi da Feltovich da Glaser, sun ba ƙwararru da sababbin ɗaliban kimiyyar fiziks tambayoyi iri ɗaya, suka ce su karkasa su. Sababbin suka karkasa bisa kamannin waje, wannan mai gangara ce, wannan mai igiya da gargare ce. Ƙwararrun kuwa suka karkasa bisa dokar da za a bi a warware su. Ilmin da ke kansu ne ya sa suke ganin abin da ke ƙarƙashi. Ɗalibin da bai san cewa cikakken batirin mota yana nuna kusan bolt 12.6 ba, kuma idan inji na aiki ya kamata awon ya haura zuwa wajen 13.5 zuwa 14.5, ko ka miƙa masa mita mai tsada ba abin da lambobin za su gaya masa. Wanda bai iya lissafa cewa ƙwai mai wat 60 a kan bolt 12 yana jan amfiya 5 ba, ba zai gane dalilin da fis ke ta ƙonewa ba bayan an ƙara fitilu. Sai ya naɗa waya a madadin fis, wata rana mota ta kama da wuta. Saboda haka darasin allo da aikin hannu ba kishiyoyi ba ne. Matsalar ita ce yadda ake koyar da su kamar ba su san juna ba.

Sai batun yarda da kai, wanda ya fi ruɗa mutane, domin abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya.

Akwai ganin ƙimar kai, wato mutum ya ji shi ma wani ne. Abu ne mai kyau, amma lokacin da Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kai a shekarar 2003, sun tarar alaƙarsa da cin jarabawa ba ta da ƙarfi, kuma ya fi kama da cewa nasarar ce ke haifar da shi. Akwai kuma cika baki, wanda garejojinmu suka sani sarai: yaron da bai taɓa cewa bai iya ba. David Dunning da Justin Kruger na jami'ar Cornell sun nuna a 1999 cewa waɗanda suka fi kowa faɗuwa a gwajin da suka yi musu su ne suka fi kai kansu inda ba su kai ba; suna can ƙasa wajen mataki na 12 cikin ɗari, amma suna ganin sun kai na 62. Irin wannan a aikin lantarki ko walda yana iya cin rai.

Na uku shi ne wanda ya shafe mu. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Kanada, ya fito da shi a 1977: imanin mutum cewa zai iya wani takamaiman aiki. Ba "ni gwani ne" ba, a'a, "wannan layin, idan aka ba ni mita da rabin awa, zan gano inda ya yanke." Yana iya zama mai ƙarfi a walda, mai rauni a lissafi, a cikin yaro ɗaya. Bandura ya ce daga wuri huɗu yake fitowa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa ya ga ya yiwu. Sai ganin wani irinsa ya yi. Sai maganar wanda ya yarda da shi. Sai kuma yanayin jiki, bugun zuciya da gumin hannu, da yadda mutum ke fassara su. Lura da cewa yabo ne na uku a jerin. Mu kuwa da shi muke farawa, da shi muke ƙarewa: a tara ɗalibai a filin taro a ce musu su ne manyan gobe, a koma aji ba wanda ya taɓa sukundireba.

Yaya wannan imani ke zama maki a takarda? Ta hanyar abin da yake sa ɗalibi ya yi. Wanda ke ganin zai iya yana fara aiki da wuri, ba ya tsallake tambayar da ta zo da zane. Idan amsar farko ta ƙi, yana sake lale maimakon ya ajiye biro. Kuma kansa ba ya cika da fargaba. Abin da mutum zai iya riƙewa a ka lokaci guda kaɗan ne, idan tsoro ya cinye rabi, da rabi za a yi lissafin. Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji, kuma a ɗakin jarabawa asarar mace ce ma. A 1991 wasu masana uku, Multon da Brown da Lent, sun haɗa sakamakon bincike masu yawa, suka samu cewa irin wannan yarda da kai tana bayyana kusan kashi 14 cikin ɗari na bambancin ƙoƙarin ɗalibai. Kashi 14 ba ƙaramin abu ba ne, amma a tuna saura 86 suna wani wuri: tushen da yaro ya taso da shi daga firamare, ingancin malami, kayan aiki, yunwa, halin gida. Duk wanda ya ce maka da ƙarfin zuciya kaɗai ake cin jarabawa, yaudararka yake yi. Kuma abin zagaye yake yi: nasara na ƙara yarda da kai, yarda da kai na sa a jure har a kai ga wata nasarar. Haka yake juyawa ta baya, faɗuwa ta haifi tsoro, tsoro ya hana gwadawa, rashin gwadawa ya haifi wata faɗuwar.

Wannan zagayen na baya shi ne abin da ya fi damuna game da ɗalibanmu na kwalejojin fasaha a Nijeriya, domin da yawansu da rauni suke shigowa. A gidaje da dama, makarantar sana'a wurin wanda bai samu gurbin kimiyya ba ne. Yaro ya ji da kunnensa ana cewa, "Tunda boko ya ƙi, a kai shi ya koyi aikin hannu." Yana ɗan shekara goma sha biyar an riga an yanke masa hukunci. Idan ya ɗaga kai ya duba gaba, sai ya ga daɗaɗɗen bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Saƙon da ke isa gare shi ɗaya ne ta ko'ina.

Ga shi kuma jarabawar da ke jiransa ba ta hannu kaɗai ba ce. Hukumar NABTEB mai shirya jarabawar makarantun sana'a, wadda aka kafa a 1992 take da hedikwata a birnin Benin, tana gwada sana'ar da ɗalibi ya koya a rubuce da kuma a aikace, tare da darussan gama-gari. Wanda ke son wucewa kwalejin kimiyya da fasaha sai ya samu kiredit a darussan da ake buƙata, har da lissafi. Sau nawa muka ga yaron da hannunsa ke da albarka, walda kamar ɗinki, amma da ya ga alamar lissafi sai jikinsa ya mutu? Abin takaici, lissafin da yake gudu a takarda shi yake yi kullum da tef a hannu, yana raba ƙarfe, yana fitar da kusurwa. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa abu ɗaya ne.

A takarda ba mu rasa tsari ba. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, wanda ya fito da shirin tura ɗalibai masana'antu don sanin makamar aiki. An kafa hukumar NBTE mai kula da ilmin fasaha a 1977, hedikwatarta na Kaduna. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an gina shi ne don yaro ya taɓa katako da ƙarfe da waya tun a ƙaramar sakandare. An shigo da injuna daga waje, amma a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu, babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Idan babban tushen yarda da kai shi ne abin da ka yi da hannunka, to ajin da yara arba'in ke kewaye da mita ɗaya, malam na aunawa suna kallo, ya toshe musu wannan tushen. Sun ga an yi, ba su yi ba. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya; wanda ya fara riƙe kayan aiki sati biyu kafin jarabawa, da rawar hannu zai shiga.

Kwatanta shi da yaron gareji a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Shi kullum cikin matsala ta gaske yake, mai kaya na tsaye a kansa. Bayan shekara biyu ba ya tsoron buɗe inji. Amma shi ma yana da nasa gibin: ya san abin da oga ke yi, bai san dalili ba, shi ya sa motocin zamani masu kwamfuta ke ba da yawa daga cikinsu wahala. Ɗan makaranta na da dalili babu hannu, ɗan gareji na da hannu babu dalili. Jamus ta daɗe da haɗa su: ɗan koyo yana kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta kowane mako, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ƙarƙashin dokar da suka yi tun 1969. Ba mu da masana'antunsu, amma muna da garejoji da shagunan walda da na gyaran waya da na haɗa sola a kowace unguwa, kuma ba sai an jira Abuja ba kafin shugaban makaranta ya je ya gaida sarkin makanikai su yi magana.

'Yan mata kuma nasu ya ninka. Tun 1981 Nancy Betz da Gail Hackett suka nuna cewa ɗalibai mata kan raina iyawarsu a sana'o'in da aka saba gani a hannun maza, ko da ƙoƙarinsu a karatu bai gaza na mazan ba. Yarinyar da ke ajin lantarki ita kaɗai, ba ta taɓa ganin mace a kan tsani tana ja wa gida waya ba, an rage mata tushe na biyu na yarda da kai, wato ganin wata irinta ta yi. A aikin rukuni kuma sai a miƙa mata biro a ce ta rubuta rahoto, maza su riƙe filaya, an rage mata na farko, wato yi da hannunta. A kawo mata tsohuwar ɗaliba guda da ke cin abinci da wannan sana'a, su yi wuni ɗaya suna aiki tare, ya fi mata lacca goma.

Abin da malami zai iya yi, ko da kayan aikinsa kaɗan ne, ya fi yadda ake zato. Ya riƙa dasa matsala da gangan: ya sassauta waya ɗaya, ya sa mataccen fis, ya juya allurar keke, ya ce a nemo. Amma a bi a hankali. Binciken John Sweller na Ostareliya ya nuna sabon ɗalibi ya fi ƙaruwa idan aka fara nuna masa misali da aka warware daki-daki, kafin a sake shi shi kaɗai. Don haka malam ya fara yi a gabansu yana faɗin tunaninsa da ƙarfi, har da inda ya yi zato ya kuskure. Sannan ya yi rabi su ƙarasa. Sannan ya koma gefe. Matsalar farko ta zama wadda mai rauni ma zai iya ganowa cikin minti goma, domin wannan nasarar ta farko ita ce jarin da zai shiga ta biyu da shi. Kowane ɗalibi ya riƙe ɗan littafi yana rubuta alamar da ya gani, abin da ya zarga, gwajin da ya yi, da abin da ya samu. Ranar da gabansa ya faɗi, ba sai an lallashe shi ba, ya buɗa ya ga matsala ashirin da ya kashe da hannunsa. A wajen ba da maki kuma a saka wa hanyar da aka bi, ba kamawar fitila kaɗai ba, don wanda ya yi awo cikin tsari lokaci ya ƙure masa ya fi wanda ya dace da sa'a.

Mafi wuya a cikinsu shi ne malam ya riƙe hannunsa. Idan yaro ya ce "ta ƙi," hannu da kansa yake miƙewa ya karɓi sukundireba, cikin daƙiƙa talatin an gyara, aji ya ci gaba. A gareji ma haka oga ke yi, wani lokaci har da tsawa: "Matsa can, ba ka iya komai ba." An ceci lokaci, amma yaron ya tafi gida da darasi guda, cewa gyara aikin wani ne. Abin da ya kamata ya ji shi ne tambaya: "Me ka gani? Me kake zargi? Da me za ka tabbatar?" Sai malam ya tabbatar an kashe wuta, ya miƙa masa mita, ya wuce teburi na gaba, ya ce zai dawo bayan minti biyar ya ji inda aka kwana.